Tafiyar kallon namun daji a Kenya cikin ƙaramin ayari: waye ya taɓa zuwa?

Abu_Sadiq_Gwale:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema ga wanda ya sani. Ni da uwargida mun daɗe muna tara kuɗi muna so mu je Kenya mu ga namun dajin nan na Masai Mara da idonmu, Yankari mun je mun ji daɗinta sosai amma yanzu muna son mu ga wancan ƙauran dabbobin da ake nunawa a talabijin suna tsallake kogi. Na ga kamfanoni a intanet suna tallata tafiya ta mutum shida zuwa takwas da ɗan jagora, sati ɗaya, wasu kuma har da Zanzibar a ƙarshe. To tambayata, wannan ƙaramin ayarin ya cancanci kuɗin da ake caza ko gara mu je Nairobi mu nemi mota da kanmu? Wane wata ya fi? Ya batun abinci na halal da sallah tunda za a haɗa mu da baƙi? Kuma ya zan gane kamfani na gaskiya, kar in tura dala in ji shiru. Na gode.

Maman_Hanifa:

Wa alaikumus salam Malam Abu Sadiq. Ni na je tare da maigidana kuma gaskiya zan ce maka ka bi ayarin, amma ƙarami, kada ya wuce mutum shida a mota ɗaya, wannan shi ne abu na farko da za ka sa su rubuta maka. Dalili kuwa motocin da ake shiga dajin da su Land Cruiser ce da aka ɗaga rufinta, kujerun baya shida ne ko bakwai, in kun kasance shida kowa yana da tagarsa kuma kowa zai iya miƙewa ya leƙa ta sama, in aka cusa ku tara a ƙaramar bas to wani zai yini yana kallon ƙeyar wani alhali kuɗi ɗaya kuka biya.

Batun lokaci, dabbobin da kake magana a kansu su nyumbu ne, wasu namun daji masu kama da shanu da Turawa ke kira wildebeest, sun haura miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa da barewa, duk shekara suna zagaye tsakanin Serengeti ta Tanzaniya da Mara ta Kenya suna bin ruwan sama da ɗanyar ciyawa. Suna shigowa Mara wajen watan Yuli su zauna har Oktoba, to Agusta da Satumba su ne suka fi tabbas. Amma wallahi kada kowa ya yi maka alƙawarin cewa lallai za ka ga tsallaken kogi, duk kamfanin da ya ce maka tabbas ne ka yi hattara da shi, dabba ba ta da jadawali. Mu sai da muka zauna bakin kogin Mara tun hantsi, suna taruwa dubbai a gaɓa ƙura na tashi suna wannan gurnanin nasu, sai su matso har bakin ruwa sai ɗaya ya tsorata duk su juya da gudu, haka aka yi ta yi har wasu motocin suka gaji suka tafi cin abinci. Ɗan jagoranmu ya ce mu yi haƙuri mu ci namu a mota, ya ja motar baya can ƙarƙashin wata bishiya ya kashe inji saboda ya ce in motoci suka tare hanyar saukarsu ba za su shiga ba, can bayan azahar sai ɗaya ya faɗa ruwan kawai sauran suka biyo shi kamar an buɗe ƙofa, ga kadoji a ƙasa ga dorina a gefe, wasu ƙanana ruwa na jan su iyayen na kuka a ɗaya gaɓar. Na yi hawaye ina ta tasbihi, ikon Allah ne ƙarara a gabanka.

Shi ya sa nake cewa kuɗinka ɗan jagora kake saya ba mota ba. Namu yana kallon ungulu a sama ya ce akwai abin da zaki ya kashe a can, yana jin kukan birai ya ce damisa na kusa, kuma suna magana da junansu ta rediyo cikin Suwahili. In ka ɗauki mota da kanka za ka ƙone mai kana yawo cikin fili mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,500 ba ka san inda za ka dosa ba.

Sannan ka gaya wa uwargida ta tafi da rigar sanyi mai kauri da safa, kada ta ce ai Afirka ce. Wurin tudu ne, ana fita tun ƙarfe shida na safe a buɗaɗɗiyar mota kuma Yuli da Agusta lokacin sanyinsu ne.

Abinci ba mu sha wahala ba, mun faɗa tun kafin mu je cewa mu Musulmi ne aka rubuta, inda ba mu natsu da naman ba muka ci kifi da wake da shinkafa da chapati, na tafi da yajina da dabino. Sallah kuwa matafiya ne ku, kasaru da haɗawa, domin ba a yarda ka sauka daga mota ba sai a wuraren da aka keɓe, to mu azahar da la'asar muna haɗa su lokacin da aka tsaya cin abinci. Ka sa manhajar alƙibla a waya, a can alƙibla arewa take kallo ba gabas kamar yadda muka saba ba.

Alhaji_Tikiti:

Hajiya ta gama magana a kan daji, bari in ɗora da ɓangaren takardu tunda harkar tikiti nake yi.

Zanzibar ɗin nan da ka ambata ita ce inda mutanenmu suke tuntuɓe. Zanzibar Tanzaniya ce, kuma mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ko Chadi ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, muna cikin ƙasashen da sai an tura takardunsu an tantance tukuna, abin yana iya cin makonni da yawa. Kamfanin da ke Turai ko Amurka da ya tsara tafiyar don mutanensa bai ma san da wannan ba, zai karɓi kuɗinka ya ce biza matsalarka ce. In dai kana son Zanzibar ka nemi bizar da wuri sosai kuma kada ka biya kuɗin da ba a mayarwa kafin ta fito. Akwai kuma inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta sa tun Oktoban 2024, dala 44 kowane babba.

Shawarata ka tsaya cikin Kenya kawai. Tun Janairun 2024 suka cire biza suka koma izinin shiga ta intanet, a 2025 kuma suka sassauta wa 'yan yawancin ƙasashen Afirka, ka dai buɗe shafin hukumarsu ranar da za ka yanki tikiti ka bi abin da ke rubuce a lokacin. In teku da al'adun Musulunci kuke so ga Mombasa, akwai jirgin ƙasa daga Nairobi da aka buɗe a 2017 yana ratsa dajin Tsavo har giwaye ake hangowa ta taga, ga tsohon gari ga ganuwar Fort Jesus da Turawan Fotugal suka gina a 1593. Ko kuma Lamu, tsibiri ne na Suwahilawa Musulmi, lunguna ƙanana, jaki da jirgin ruwa ne abin hawa, kuma Mauludin da ake yi a masallacin Riyadha mutane daga ƙasashe da yawa suke zuwa.

Katin rigakafin cutar shawara dole ne, mai launin rawaya, kada ka bari sai ana gobe tafiya. Jirgi kuwa Kenya Airways na tashi daga Legas kai tsaye, ko ka bi Ethiopian daga Kano ko Abuja ta Addis Ababa. Kada ku sa leda a kaya, Kenya ta hana ledar zuba kaya tun 2017. In dala za ka riƙe ka nemi sababbin takardu masu tsafta, tsofaffi suna ƙin karɓa.

Gane kamfani na gaskiya: ka duba ko yana cikin ƙungiyar KATO ta masu shirya yawon buɗe ido na Kenya, sunayen mambobi na shafinsu, ka tambayi ko ɗan jagoran yana da shaidar KPSGA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan jagoran daji ta Kenya. Kuɗi kuma a asusun kamfani da rasit, ba asusun wani mutum da kuka haɗu a WhatsApp ba. Sannan ka tambaye su ƙarara ko kuɗin shiga daji na cikin farashin, domin Mara daga Yuli zuwa Disamba dala 200 ce kowane babba a rana, Janairu zuwa Yuni dala 100, ku biyu kwana uku ka ga dala 1,200 ke nan, nan ne masu arha suke ɓoye wuƙarsu.

Dan_Zazzau77:

Ni fa ina da ɗan saɓani da Hajiya, ba a kan ɗan jagora ba, a kan haɗa ka da baƙi. Mota ɗaya za ku yini a ciki awa goma da mutanen da ba ka sani ba, wani mai kamara yana so a tsaya awa biyu kan tsuntsu ɗaya, wani yana so a koma masauki ya yi iyo, da yamma kuma akwai al'adarsu ta tsayawa kallon faɗuwar rana ana shan giya, ba wanda zai tilasta maka amma matarka ba lallai ta sake ba. Mu abin da muka yi shi ne muka haɗa namu ayarin, iyali uku mata da miji, muka ɗauki mota ɗaya da ɗan jagora ɗaya, da aka raba kuɗin bai fi na shiga ayarin baƙi da wani abin kirki ba kuma mu ke cewa a tsaya mu yi sallah a tsaya.

Abu na biyu, lokacin tsallaken nan cunkoson motoci yana da ban takaici, za ka ga motoci sun fi talatin sun kewaye zaki ɗaya, ni abin ya dame ni ƙwarai domin dabbar ma ba ta samun sukunin farauta. In aljihu zai ɗauka ka kwana a ɗaya daga cikin filayen da ke kewaye da dajin irin su Naboisho ko Mara North ko Olare Motorogi, ƙasar ƙabilar Masai ce da masu masauki suke haya suna biyan masu ita duk wata, suna ƙayyade yawan motocin da za su tsaya kan dabba ɗaya, kuma a can ana fita da dare da fitila ana kuma yin tafiyar ƙafa da mai gadi, abin da ba a yarda da shi a cikin babban dajin ba. Sai ka ware rana ɗaya ka shiga babban dajin ka je bakin kogi.

Ƙauyen Masai kuma ku je, ana biyan wajen dala 20 zuwa 30 kowane mutum. Wasu na cewa wasan kwaikwayo ne don baƙi, eh akwai rawar tsalle da tallan duwatsun wuya, amma in ka zauna da dattijo ka tambaye shi batun shanu da fari da yadda suke kwana da zaki a bayan shinge za ka ji kamar kana rugar Fulani ana hira, mata ne ke gina ɗakunan da itace da laka da kashin shanu. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum, wannan suna ɗaukarsa da muhimmanci.

Abu_Sadiq_Gwale:

Allah ya saka muku da alheri, wallahi na ƙaru. Alhaji batun bizar Tanzaniya ka cece ni, mun ajiye Zanzibar, Mombasa za mu yi in sha Allah. Dan Zazzau na yi wa yayana da wani abokina magana ko za su shigo da iyalansu mu cika shida. Saura tambaya ɗaya, Hajiya daga Nairobi zuwa Mara mota ko jirgi? Uwargida tana fama da ciwon baya.

Maman_Hanifa:

In tana da ciwon baya ku hau jirgi Malam, kada ma ku yi dogon tunani. Mota awa biyar zuwa shida ce ta garin Narok, akwai wurin tsayawa mai kyau inda ake hango kwarin Rift daga sama, amma kusa da masaukai hanyar ƙasa ce mai girgiza sosai kuma da ma cikin dajin girgizar za ta sha. Ƙananan jirage suna tashi daga filin Wilson, ba babban filin Jomo Kenyatta ba, ƙasa da awa ɗaya kun sauka, sai dai kaya kilo 15 ne kacal kowane mutum har da jakar hannu kuma jaka mai laushi suke so ba akwati ba, sauran kayan ku bar su a otal ɗin Nairobi ku ɗauka in kun dawo. A motar daji ta zauna kujerar da ke bayan direba, ta baya can ita ta fi jijjiga, ta tafi da ɗan matashin kai ta sa a ƙugu. Ku ga likita kafin tafiya a kan maganin maleriya da na bayan nata. In kun samu Juma'a a Nairobi ku je masallacin Jamia a tsakiyar gari, daga nan ku wuce unguwar Eastleigh wajen Somaliyawa ku ci shinkafa da naman raƙumi. A gaida min ita, in tana da tambaya ta mata ta rubuto nan zan amsa mata.