Wane suna za mu ba RAID da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na haɗa wa wani ƙaramin ofishi a Tudun Wada sabar, wato kwamfutar ajiya ta ofis, da za su riƙa ajiye takardunsu, su bakwai ne ke aiki a wurin. Faifai huɗu muka saya, kowanne terabayit 2. Da na gama, Alhaji mai ofishin ya leƙa allo ya ce, "Yaro, takwas na biya kuɗi, ya nake ganin huɗu? Ina sauran?" Na san amsar, amma da na buɗe baki sai na rasa kalmar da zan faɗa masa. RAID 10 na yi masa. To, me za mu kira RAID da Hausa?

Asalin sunan, wato Redundant Array of Inexpensive Disks (jerin faifai masu arha da ke da rara), daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya fito, inda David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka wallafa takardarsu a 1988. Manufarsu a haɗa faifai masu arha da yawa su yi aiki kamar guda, tare da rarar da za ta rufa asiri idan ɗaya ya mutu.

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ni a shago "ajiyar kariya" nake ce wa kwastomomi, kuma suna ganewa.

Yallaɓai, wannan ce kalmar da nake gudu. Duk wanda ya ji "ajiyar kariya" zai ɗauka yana da kwafin ajiya a gefe, alhali RAID ba ya yin wannan. Idan sakatare ya goge fayil bisa kuskure, a take yake gogewa a duk faifan. Haka idan ƙwayar cuta ta kulle takardu, ko ɓarawo ya sungumi akwatin. Mutuwar faifai kaɗai yake tarewa. Sunan da zai sa Alhaji ya saki jiki ya ƙi sayen faifan waje, cutar da shi zai yi.

Malama, Samaru: Me zai hana mu ce "gayyar faifai"? A aikin gayya jama'a ke taruwa a gona ɗaya, kowa da kunyarsa. In wani ya gaji ya koma inuwa, sauran su ƙarasa.

Malama, Allah ya ƙara basira. Wannan ta zauna mini, domin ta faɗi abu biyu a tare: aiki yana sauri saboda hannu da yawa, kuma rashin ɗaya ba ya tsayar da noma. Ba ta kuma yi wa kowa alkawarin rumbu na biyu ba.

Ɗalibi, Kongo: Malam, ina da ja. Na farko, Bahaushe yana cewa an yi abu "da gayya", wato da gangan. Na biyu, RAID 0 fa? Can ana tsinka fayil ne a raba wa faifai, ɗaya ya mutu komai ya tafi. Ina gayya a nan?

Ƙanena, na farkon bai dame ni ba, wanda ya ji "gayyar faifai" ba zai tafi can ba. Na biyun kuwa ka yi gaskiya, amma ko a Turancin sunan bai dace da RAID 0 ba, tunda babu rarar komai a cikinsa. Mu kira shi "gayyar kasada". Faifan Alhaji huɗu za su ba da terabayit 8 cif, ranar da ɗaya ya tsaya kuma a wayi gari babu ko takarda.

RAID 1, inda faifai biyu ke ɗauke da abu iri ɗaya, na ga wasu suna cewa "madubi". Ni "tagwaye" na fi so. Abin da ke cikin madubi hoto ne, in ka kauce ya ɓace, shi kuwa faifai na biyu cikakke ne, yana iya ɗaukar ofis shi kaɗai. RAID 10 ke nan "tagwaye biyu a gayya": terabayit 4 ake gani, ɗaya ya mutu lafiya lau, biyu ma ana tsira muddin ba Hassan da Hussaini ne suka tafi tare ba.

Inda na tsaya shi ne lissafin da RAID 5 da 6 ke ajiyewa don maido da abin da ya ɓata in faifai ya mutu. Misalinsa, in ka san 3 da wani abu sun ba da 8, ka san 5 ce ta ɓata. Na rubuta "cikon gurbi", ban dai gamsu sosai ba. RAID 5 zai ba Alhaji terabayit 6, na ƙi shi ne don in faifai ya mutu aka sa sabo, sai an karanta sauran ukun kaf kafin a cike gurbin, abin da kan ci sa'o'i masu yawa. A irin wutarmu ta Zariya, ko da batir, ba na son ofis ya kwana a wannan halin.

Malama, Samaru: Rarraba faifan kuma fa, wanda ake cewa fatishan?

Wannan ba wuya, gidajen cikin birni sun ba mu: "sashe". Gida ɗaya, katanga a tsakani. Na ware ƙaramin sashe na tayar da na'ura, megabayit 512, shi ne zaure. Sai gigabayit 60 na Linux kansa, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar, sai sashen da rahotannin na'ura ke taruwa, don in ya cika kada ya toshe sauran. Ragowar duka na takardun ofis.

Gobe da safe zan koma Tudun Wada in gwada su a kunnen Alhaji, in kuma tafi masa da faifan waje na kwafin mako-mako. Wanda ke da abin da ya fi "cikon gurbi" ya ajiye a nan kafin sannan.