Gidan tarihin Anakostiya: shawarwarin da suka fito daga hirarmu

Mun daɗe muna tattauna yadda za a farfaɗo da gidan tarihin baƙaƙen fata na unguwar Anakostiya a Washinton, yanzu da kuɗin haya ke tashi, tsofaffin mazauna suna ƙaura.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a koma tushe. A 1967 cibiyar Smithsonian, mai kula da manyan gidajen tarihin Amurka, ta buɗe gidan a tsohon gidan sinima na Carver, John Kinard yana shugabanta. Bayan shekara biyu aka yi baje koli a kan ɓeraye, saboda su ne suka addabi unguwar. Ni wannan ya fi burge ni: damuwar mutane ce ta zama abin nuni. Don haka a bai wa 'yan unguwa kujera a kwamitin tsarawa, da ikon yanke hukunci kan kuɗi.

An kuma ce a hanzarta naɗar muryoyin dattawa, har da waɗanda haya ta kora zuwa jihar Maryland mai maƙwabtaka da Washinton, a ɗauki kwafin hotunansu a mayar musu da na asali.

Sababbin maƙwabta kuwa, a gayyace su, amma su fara da sauraro.