Neman kalma: me za mu kira Don't Ask, Don't Tell da Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Aiki ne ya kawo ni. Ina fassara wani rubutu kan sojojin Amurka, na zo kan Don't Ask, Don't Tell sai alƙalami ya cije. Kwana uku ke nan ina juya ta. Kafin wani ya fara, ba hukuncin neman jinsi na zo tambaya ba, kowa ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa don wannan. Suna nake nema wa doka.

Ga wanda bai san ta ba: Bill Clinton ya yi alkawari a yaƙin neman zaɓen 1992 cewa zai ɗage haramcin da ya hana masu neman jinsi aikin soja. Da ya hau, manyan hafsoshi da 'yan majalisa suka taka masa birki, aka raba gardama a 1993, tsarin ya fara aiki a Fabrairun 1994. Hukuma ba za ta tambayi soja me yake ciki ba, shi kuma kada ya furta. Ranar da ya furta, ko aka kama shi, sai sallama. Obama ya sa hannu kan soke ta a Disamban 2010, ta daina aiki ranar 20 ga Satumba, 2011.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne "kar a tambaya, kar a faɗa". Ma'ana ta fita, amma ku gwada sa ta cikin jimla: an kore shi a ƙarƙashin kar a tambaya kar a faɗa. Mai sauraron rediyo zai zaci shi ake ja wa kunne.

Jiya da dare na kai wa yayana ƙorafi, yana gyara waya a ƙofar gida. Bai ko ɗago ba ya ce, "Kai ma dai, wannan ai a bar kaza cikin gashinta ne." Wallahi sai da na yi tsalle. Na koma ɗaki na rubuta, har na ja layi a ƙarƙashi. Da asuba na goge. Karin maganar tana nufin an bar zance ya kwanta, kowa ya tsira da mutuncinsa. A nan kuwa sojoji fiye da 13,000 aka sallama cikin shekara 17, har da masu fassarar Larabci a daidai lokacin da rundunar ke neman su ido rufe bayan harin 11 ga Satumban 2001. Kazar da aka fige sau dubu goma sha uku, wane gashi ya rage mata? Yaya, ka yi haƙuri, ba ta ci ba.

Wata Hajiya ta rubuto mini cewa in sa "dokar rufin asiri". Hajiya, na gode, amma rufin asiri a bakinmu addu'a ce. Abu ne da ake yi maka don jinƙai, ko Allah Ya yi maka. Wannan kuwa kai aka ɗora wa rufewar, da sharaɗin in ta buɗe tuwonka ya ƙare. Wani kuma ya ce "kawar da kai". Ita ma rabin labari ta ɗauko, na ɓangaren kwamanda, kuma kwamandojin ba kullum suke kawar da kan ba.

Bari in ɗan ratse, don a nan ne rubutun ya fi ba ni wahala. Dokar ta ɗaure tambayar ofis, ba ta ɗaure bakin bariki ba. Kalmar gay kaɗai na same ta da fuska uku a shafi guda. Wani wuri mutum ne ke faɗin abin da yake, nan na sa mai neman jinsi, kamar yadda gidajen rediyonmu ke yi. Wani wuri kurtu ne ke tsaki kan gadin dare yana cewa abin gay ne, alhali ba mutum a zancen, nufinsa aikin banza ne, haka na rubuta. Wani wurin kuma tsokanar wanda ya gaji da gudu ake yi, irin ta "kai rago ne, sai ka ce mace". In na bi duka ukun da ɗan luwaɗi, na mai da tsaki da zolaya tuhuma. Kuma mun san nauyin kalmar a wurinmu: daga sunan mutanen Annabi Luɗu ta fito, aiki take nunawa, jefa wa mutum ita ƙazafi ne da kan kai gaban alƙali, ko ya tara masa taron da ba ya jiran alƙali. Ɗan daudu ma ba madadi ba ne. Shi zancen ɗabi'a ne da sana'a, rangwaɗa da karya harshe da tuyar abincin sayarwa, ba lallai a haɗa shi da wancan ba.

Kada kuma a ɗauka duk wasa ne. A Yulin 1999 wani soja ya kashe abokin aikinsa Barry Winchell yana barci a barikin Fort Campbell, bayan watanni ana jifansa da irin waɗannan sunaye ba wanda ya tsawatar. Bayan haka ne aka ƙara wa tsarin gaɓar hana tsangwama. Saboda haka inda kalmar ta zo da dafi, da dafinta zan fassara ta, ba zan yi mata kwalliya ba.

Su kuma waɗanda aka hana magana sai suka koma zaurance, tun kafin dokar ma. Akwai "abokin Dorothy", wadda masu abin ke gane juna da ita. Ana ba da labarin cewa a farkon shekarun 1980 masu binciken rundunar ruwa a yankin Chicago sun yi ta farautar wata mata mai suna Dorothy, a zatonsu ita ce uwar ɗakin kowa. Wannan ba ta ba ni wahala ba, don Kano na da tata: masu harka. Kalma ce da za a faɗa a tsakiyar kasuwa, mai kanti ya zaci ciniki ake.

To, mu dawo. Duk inda na juya, nauyin dokar nan a bakin ƙaramin soja yake. Hukuma ta yi alkawarin da ba ta cika cikawa ba, shi kuwa nasa in ya karya sau ɗaya shi ke nan. Don haka na tsaya kan "dokar ja-bakinka". Hausa ta saba ƙera suna daga umarni: mulkin kama-karya, motar a-kori-kura, ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Tana zama cikin jimla ba gargada: an sallame shi a zamanin dokar ja-bakinka. Kuma akwai barazana a cikinta, irin ta babba ga ƙarami, wadda ita ce ainihin abin.

Wani malamin makaranta ya tayar da magana mai kyau, ya ce to mata fa, tunda an fi korar su in aka kwatanta da yawansu a rundunar? Gaskiyarka, Malam. Na gwada cire "ka" ɗin don ta game kowa, sai ta koma dokar jan baki, mai karatu ya tafi teburin kwalliya. Na mayar da sauri. A farkon ambato zan kawo sunan Turancin da bayanin layi biyu, in ce ta shafi maza da mata, daga nan ja-bakinka har ƙarshe. Jibi zan miƙa aikin, mai wadda ta fi ta ya kawo kafin nan.