Musayar Waƙa a kan Keshi, Ɗan Bayan da Aka Haifa a Azare

Malamin Kiyawa:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Duk lokacin da aka tashi lissafa gwanayen ƙwallon ƙafa na ƙasar nan, 'yan gaba da 'yan tsakiya ake kira, a bar masu tsaron baya kamar ba da su aka yi wasan ba, kuma wannan ya daɗe yana damuna. Saboda haka na tsara 'yan baitoci a kan Stephen Keshi, wanda asalin iyayensa Illah ne a jihar Delta ta yanzu, amma aka haife shi a Azare a 1962, garin da mu mutanen Kiyawa da mun wuce Jama'are mun iso shi.

Da sunan Allah nake buɗe baitina,
Ya ba ni basira in faɗi zancen gaskiya.

Ku taho mu yi waƙar wanda ke tsare gida,
Wanda ake mance shi don yana can baya.

Azare ce ta fara jin kukan Keshi,
Legas ta raine shi, ta ɗora shi a kan hanya.

ACB ta fara ba shi rigar wasa,
Ya wuce Benin yana yaro mai zuciya.

New Nigeria Bank ta ɗau kofin WAFU,
Sau biyu a jere, da shi a layin kariya.

Shekara 22 gare shi yana da kambu,
Yana jan manya da yara na tawagar Nijeriya.

Ba ya jiran ɗan gaba ya karɓa ya juya,
Kafin ƙwallo ta iso ya tare hanya.

In ta zo ta sama, kansa ne ke amsawa,
In ta zo ta ƙasa, ya fitar da ita lafiya.

Yana tsaye a ƙarshe yana ganin fili duka,
Yana gyara wa kowa tsayuwa da murya.

Wanda ya ci ɗaya shi ake ɗauka a kafaɗa,
Wanda ya hana goma wa ke yi masa godiya?

Ga baitina na ajiye, ya 'yan'uwa,
Mai amsa ya amsa, mai ja ya yi jayayya.

Ɗan Autan Gaya:

Allah ya gafarta Malam. Ni Keshin da na buɗi ido na gani shi ne mai horarwa, wanda ya ciyo mana kofin Afirka a Afirka ta Kudu, ranar da Sunday Mba ya ci Burkina Faso ɗaya mai ban haushi, kuma a kan wannan babu abin da zan ce sai yabo. Amma da na bi tarihin wasansa, sai na ga wasan ƙarshe na kofin Afirka na 1984 Kamaru ta ci mu 3 da 1, na 1988 ta sake cin mu 1 da nema, sannan a 1990 kulob ɗinsa ya rasa kofin Turai na masu riƙe da kofuna. Ga abin da ya tsaya mini a rai.

Malam, na durƙusa kafin in yi magana,
Ba raini ba ne, ina neman adalci.

Keshin da na sani shi ne na 2013,
Mai tsayuwa a bakin layi, babban koci.

Amma ɗan wasan da kake yi wa waƙa,
Wasan ƙarshe uku ya tashi da takaici.

A Abijan Muda Lawal ya fara zurawa,
Kamaru ta farke, ta ƙara biyu, ta ci.

A Kasabalanka aka sake haɗuwa,
Fenaretin Kunde ya yanke hukunci.

Sampdoria ta iske Anderlecht ɗinsa,
Vialli ya jefa biyu a ƙarin lokaci.

Ranar da muka ɗau kofi a Tunis a 1994 kuwa,
Eguavoen ke ciki, shi yana kan benci.

Amuneke ya ci biyun da suka kawo shi,
Yekini da biyar a gasar ya yi jagoranci.

To ina tsaron da ake ba mu labari,
In ranar babban wasa shi ake ci?

Baba na Ringim:

Ɗana na Gaya, Allah ya yi maka albarka, domin ka yi ladabi kuma ba ka faɗi ƙarya ba ko a ɗango ɗaya. Sai dai sakamakon wasa shi kaɗai ba ya gaya maka da wa aka kara, kuma ba ya gaya maka halin da ƙwallon ƙasar nan take ciki a lokacin da ɗan wasanmu bai san wata hanyar fita waje ba. Sampdoria ɗin da ka ambata ita ce ta ci lig ɗin Italiya a 1991, lokacin da babu lig ɗin da ya kai shi ƙarfi a duniya, kuma kafin a ci mutum a wasan ƙarshe sai ya fara isa can tukuna.

Ɗana, matso kusa ka saurara,
Abin da ka karanta ka tattara,
Mu mun bi shi tun ran da aka fara,
A bakin rediyo, babu gajiya.

Kamarun da kake faɗa ta doke shi,
Milla ne a gabanta, je ka tsare shi,
Ingila ma da ƙyar ta tsallake shi,
A 1990, can ƙasar Italiya.

A Maroko Nwosu ya sa ta a raga,
Da ka ya doka, kowa ya ga ta shiga,
Alƙali ya soke, hannu ya ɗaga,
Me za ka ɗora wa mai tsaron baya?

Hukuma ta kira 'yan wasa sansani,
Su biyar suka makara a wancan zamani,
Ta ɗora musu dakatarwa da hani,
Ta rufe musu filayen Nijeriya.

Wani da ya zauna gida yana kuka,
Shi ko ya ɗau takalma ya sa a jaka,
Stade d'Abidjan ta ce zo ka taka,
Africa Sports ta karɓe shi daga baya.

Daga nan Lokeren ta kai shi Turai,
Anderlecht ta gan shi ta gamsu sarai,
Kofin Beljiyam biyu suka ɗora a kai,
Da lig a 1991, babu jayayya.

Yekini ya bi sawunsa zuwa Abijan,
Siasia da Rufai, Lokeren ta kira su can,
Amokachi ya bar Kaduna daga nan,
Brugge ta nuna shi ga idon duniya.

Lamptey na Gana yana ɗan yaro,
Keshi ya kai shi Anderlecht ba tsoro,
Ya tsaya masa, ya zame masa tsaro,
Ya riƙe shi a baƙon wuri da tarbiyya.

Ƙungiyar Tunis da kake yabawa,
Waɗanda suka iya ci da tsarewa,
Ka bi sawunsu inda suka sami ƙwarewa,
Za ka iske wanda ya share musu hanya.

Malama daga Birnin Kudu:

Baba, ina gaisuwa tare da fatan an wuni lafiya. Na amfana da baitocinka, amma a matsayina na wadda take tsayuwa gaban ɗalibai kullum, ba zan so yaran da suke karanta wannan zaure su fahimci cewa dakatarwar nan zalunci ce tsagwaronta ba, ko kuma cewa ficewar 'yan wasanmu zuwa waje alheri ce da babu asara a cikinta.

Baba, na ji baitocinka na kuma ƙaru,
Amma akwai gefe guda da ke son dubawa.

Wanda aka kira sansani bai zo a kan kari ba,
Hukuma na da hurumin yi masa tsawatarwa.

Kyaftin ne shi, yara shi suke kallo,
In shi ya makara, wa ke da bakin gyarawa?

Alheri ya fito daga cikin horon, na yarda,
Wannan ba ya mai da makara abin yabawa.

Hanyar da ya buɗe ta kai su ga arziki,
Ita ce kuma ta bar lig ɗin gida yana ramewa.

Yaro ya yi kaka ɗaya a Kano ko Kaduna,
Hankalinsa na kan jirgi, ba ya son tsayawa.

Yau a ƙauyenmu gidan kallo ya cika maƙil,
Wasan Ingila da Sifen kaɗai ake nunawa.

Abin da ya sa nake ganin girmansa duk da haka,
Da ya zama koci, gida ya fara waiwayowa.

'Yan wasan gida shida ya ɗauka zuwa gasar,
Ana ta suka, shi ko yana daurewa.

Oboabona na Akure ya tsaya a tsohon gurbinsa,
Shi da Omeruo, su ne masu tsarewa.

Reuben na Pillars ɗinmu yana cikin jerin,
Mba ya ci ta ƙarshe, aka yi ta shewa.

Malamin Kiyawa:

Malama ta kawo magana mai nauyi, kuma a kan ramewar lig ɗin gida ina tare da ita, ko da yake ina ganin rashin biyan 'yan wasa haƙƙinsu a kan lokaci ya fi Keshi hannu a ciki, domin wanda ake biya a gida ba ya gaggawar barin gida. Amma tambayar ƙanena na Gaya a kan fili take, kuma a fili ya kamata a amsa ta. Shekarar 1992 ita kaɗai ta isa shaida, don a cikinta ya yi wa ƙasa aiki a watan Janairu, ya yi wa kulob a watan Mayu.

Ƙanena, na ɗauki amsa-amonka in amsa,
Don mu auna zancen a ma'aunin adalci.

A Dakar ne, ranar buɗe gasar Afirka,
Masu masauki Senegal suna neman su ci.

Siasia ya fara, Bocandé ya farke,
Saura minti ɗaya a cika lokaci.

Ɗan bayan nan ya baro gidansa ya hauro,
Ya jefa ta biyu, filin ya yi tsit don takaici.

Mayu ya zo, yana Strasbourg ta Faransa,
Suna neman hawa rukunin masu mutunci.

Rennes ta zo, ya saki wata daga nesa,
4 da 1 aka tashi, suka fita daga ƙunci.

A Tunis shekararsa 32, ga rauni,
Westerhof ya ajiye shi, haka ikon koci.

Amma da aka zo miƙa kofin a dandali,
An kira shi, don shi ke riƙe da shugabanci.

A gasar duniya a Amurka ya buga da Girka, muka ci biyu,
Ragarmu ba ta motsa ba har ƙarshen lokaci.

Wasa fiye da 60 ya yi wa ƙasarsa,
Irin wannan ba ya samuwa da sakaci.

Ɗan Autan Gaya:

Na gode, Malam, na gode, Baba. Abu ɗaya ya rage da ban sauka daga kansa ba. Zambiyar da muka kara da ita a wasan ƙarshe na 1994 ƙungiya ce da aka sake haɗawa bayan hatsarin jirgin da ya halaka 'yan wasanta a gaɓar tekun Gabon a 1993, kuma sun zo da zuciyar da tare ta ba ƙaramin aiki ba ne.

Na karɓi ta Dakar, na karɓi ta Faransa,
Na karɓi ta Baba a kan buɗe hanya.

Ta Yaya Malama ma ta shige ni sosai,
Don gidan kallon da ta faɗa, gaskiya.

Amma a kan Tunis ina nan inda nake,
Mai gumi a fili shi ya fi cancantar godiya.

Litana ya ci mu tun wasa bai yi nisa ba,
Kalusha ya matsa mana har ƙarshe ba gajiya.

Okechukwu da Okafor su suka tare shi,
Iroha a hagu, Rufai yana daga baya.

In waƙar masu tsaro ce muka zo yi,
Su ma a ba su baiti, ko da guda ɗaya.

Baba na Ringim:

Ɗana, a nan ba zan ja da kai ba, domin ranar Tunis ta waɗanda suka buga ce, kuma Keshi yana da isassun ranaku nasa da ba sai an ara masa ta wasu ba. Bari in ƙarasa sauran tafiyar tasa, tun da Malam ya tsaya a Amurka.

Ƙarfi ya ragu, bai bar fili ba,
Molenbeek da Amurka ba su ishe shi ba,
Bai rataye takalman wasansa ba,
Sai da ya taka leda a Maleshiya.

Togo ta kira shi ya zame mata koci,
Ya samo mata gurbin Jamus a kan lokaci,
Aka sallame shi, abin takaici,
Wani ne ya kai su gasar duniya.

Kofin Afirka yana kyaftin ya ɗaga,
Yana koci ma hannunsa ya shiga,
A wannan daraja wanda ya riga,
El-Gohary ne na Masar, shi ɗaya.

Matarsa ta rasu, wata shida tsakani,
Shi ma ya bi ta, ajali ba shi magani,
Asaba ta sa sunansa a fili don tuni,
Shekara 54 ya yi a duniya.

A watan Yunin 2016 ne ya rasu a birnin Benin, aka kai shi Illah aka binne. Amma baitin Okechukwu da ka nema, kai ne za ka tsara mana shi, tun da kai ka taso da maganar. Ka ɗauko shi tun daga Iwuanyanwu Nationale, ka bi shi Brøndby ta Denmak, ka daɗe a Fenerbahçe ta Turkiyya inda ya fi daɗewa, kuma kada ka tsallake zinaren Atlanta na 1996. Malama za ta duba maka amsa-amo kafin ka sako shi.