Muhawara: Har yanzu akwai riba a sana'ar ƙirƙirar manhajar waya?

Shugaban zaure: Assalamu alaikum. Jiya Injiniya ya ce kasuwar ƙirƙirar manhajar waya ta riga ta ci ta watse, kuma matashin da ya shige ta yanzu ba zai mayar da ko kuɗin datarsa ba. Maganar ba ta yi wa wasu daɗi ba, shi ya sa muka ware mata daren yau. Bismillah, Injiniya.

Injiniya: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Ina nan a kan bakana. Lokacin da kamfanin Apple ya buɗe App Store, wato kasuwarsa ta sauke manhajoji, a watan Yulin 2008, manhajojin da ke ciki kusan 500 ne kacal, don haka duk wanda ya ɗora abu mai kyau sai an gan shi. Yau sun haura miliyan a can, haka ma a Google Play. Kafin ka shiga kuma sai ka biya: Google na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple na karɓar dala 99 duk shekara, sannan kowannensu yana cire kashi 15 cikin ɗari na cinikin ƙaramin mai manhaja. Tun Nuwamban 2023, wanda ya buɗe sabon asusu da sunansa a Google Play sai ya samo masu gwada masa manhaja na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fitar da ita ga jama'a, da farko mutum 20, daga baya aka rage zuwa 12. Ni kaina na yi manhajar azkar da lokutan salla da Hausa, mutane sun sauke ta sosai, wata dattijuwa har saƙon murya ta aiko tana sa mini albarka. Amma kuɗin tallan da ake nunawa a cikinta ba ya fita sai ya kai dala 100, kuma na yi wata da watanni ina duba asusun kowace safiya bai kai ba, domin abin da masu talla ke biya a kan mai kallo daga Najeriya bai kama ƙafar abin da suke biya a kan na Amurka ba.

Malama: Injiniya, ban musanta ko ɗaya daga cikin alƙalummanka ba, sai dai hanya ɗaya ka auna, wato a ɗora manhaja kyauta a zauna jiran talla, ka yanke wa sana'ar hukunci gaba ɗayanta. Ka tuna farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi. Mai shayi da mai kayan miya duk sun koma karɓar kuɗi ta OPay da PalmPay da Moniepoint, kuma da yawansu ba su daina ba har yau. A Oktoban 2024 Moniepoint ya samu jarin dala miliyan 110, darajarsa ta kai dala biliyan 1. Ta yaya za a ce kasuwar da ake zuba irin wannan jari ta watse?

Injiniya: Malama, waɗannan kamfanonin hada-hadar kuɗi ne masu lasisin Babban Bankin Najeriya, da wakilai masu na'urar POS a kowane lungu, da jarin masu zuba kuɗi daga waje. Manhajar ƙofar shiga ce kawai, ribar tana cikin abin da suke cirewa a kan hada-hada. Ni ina magana ne a kan yaron da ke zaune a ɗakinsa da kwamfuta ɗaya, yana fama da rashin wuta.

Alhaji: Ku ba ni dama, ni da ba na rubuta manhaja amma nake biyan kuɗinta. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma shekaru da yawa littafi nake rubuta bashi a ciki, har ranar da ruwa ya shigo shago ya jiƙa shafukan, na zauna ina ƙoƙarin karanta sunayen da tawada ta narke a kansu. Wani yaro ɗan unguwarmu ya zo ya wuni uku a shagon yana kallon yadda muke ciniki, sannan ya yi mini manhajar da take riƙe lissafin kaya da na masu bashi, da Hausa, kuma tana aiki ko babu intanet. Duk wata nake biyansa, kuma ban taɓa jin ƙyashi ba. Sai dai don kada in ɓoye gaskiya, na tallata shi ga maƙwabta da dama, biyu ne kawai suka karɓa. Sauran sun ce WhatsApp da littafi sun ishe su, wasu kuma ba sa son sirrin cinikinsu ya zauna a hannun wani.

Ɗalibi: Iyayena da yayyena, ina neman afuwa idan na yi katsalandan. Akwai abin da ba a ambata ba, wato faɗuwar naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wannan ya sa dala 99 ta Apple ta yi mana nauyi, amma kuma ya sa wanda yake yi wa baƙi aiki ta intanet, ana biyansa da dala, yake samun abin da albashin gida ba ya bayarwa. Abin da ke tsorata ni shi ne ƙirƙirarriyar basira, wato AI, domin aikin da a da ake yi a mako biyu yanzu wani yana haɗa shi a kwana biyu, masu ba da aiki kuma sun fara rage farashi.

Malama: Ƙanena, haɗa manhaja daban, riƙe ta daban. Duk shekara Google yana wajabta a daidaita manhaja da sabon tsarin Android, galibi zuwa ƙarshen Agusta, sannan yawancin mutanenmu ƙananan wayoyin Tecno da itel da Infinix suke riƙewa, waɗanda wurin ajiyarsu ke saurin cika, abin da ba a buɗewa kullum shi ake fara gogewa. Wanda zai ɗauki kiran Alhaji ranar da lissafi ya rikice, shi ake biya duk wata, kuma wannan kuɗin ya fi na talla tabbas.

Injiniya: Na yarda akwai abinci a nan, kuma na janye kalmar watsewa. Amma abin da Alhaji da Ɗalibi suka bayyana ƙwadago ne, ranar da ka kwanta rashin lafiya ya tsaya. Mutum uku a kasuwa mai dubban shaguna ba su isa su riƙe kamfani ba. Alhaji, don Allah ka tambayi yaron nan nawa yake kashewa a kan data da wuta da ajiyar bayanai a wata, ka kawo mana mu cire daga abin da ku ukun kuke biyansa.

Alhaji: In Allah ya kai mu gobe zai zo shago bayan la'asar, zan sa shi ya shigo zauren ya amsa da bakinsa.