Wace kalma ta dace da ƙarfen da ake rataye kwale-kwale a gefen motar tafi-da-gidanka?

Malamai da 'yan'uwa masu aikin fassara, ina neman mu tsayar da kalma ɗaya a kan wani abu da matafiyan Amurka da Turai suke yawan tattaunawa, wato ƙarfen da ake kafawa a bangon motar da Turawa ke kira motorhome domin ɗaukar ƙaramin jirgin ruwa.

Sunan motar ba ya bukatar dogon jayayya. Mota ce mai injinta da sitiyarinta, a cikinta akwai gado da madafa da makewayi, irin waɗanda kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fara ƙerawa a 1966. Tun da Bahaushe ya riga ya saba da kotun tafi-da-gidanka da asibitin tafi-da-gidanka, "motar tafi-da-gidanka" ta zauna daidai. "Gidan mota" ba zai yi ba, domin mai karatu zai ɗauka gareji ake nufi, ita kuwa "tirela" ta fi dacewa da ɗakin da wata mota ke ja. Jirgin kuma kwale-kwale ne, ko da na roba ne mai ɗaukar mutum ɗaya, irin wanda asalinsa na mutanen Inuwit ne, mazauna yankin ƙanƙara na can arewacin duniya.

Inda aikin yake shi ne sunan ƙarfen. Kalmar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce "kariya", kamar kariyar keke ko kariyar saman bas, kuma ba na musun cewa ita ce direbobi da masu walda suka sani. Amma kariya abin ɗora kaya ne: nauyi yana zaune a kanta, ita kuma tana zaune a kan rufi ko a kan taya. Abin da muke magana a kai ba haka yake aiki ba. Hannaye biyu ne na ƙarfe ko na alminiyam da suke fitowa daga bango, a kwantar da kwale-kwalen a kan haƙarƙarinsa, a ɗaure shi da maɗauri, nauyin kuma yana jan bangon waje da ƙasa a lokaci guda. Ga kuma matsalar rubutu, domin "kariya" ta kare kai ita ma haka ake rubuta ta, kuma a takardar da ke cike da gargaɗin tsaro wannan ruɗani ba ƙarami ba ne.

Saboda haka nake ganin "maratayi" ta fi. An kawo shawarar "ragaya", kuma akwai hikima a ciki, sai dai ragaya igiya ce da ke reto daga rufin ɗaki, alhali abin da ake bukata a nan shi ne wanda ba ya motsi ko kaɗan a kan babbar hanya. "Maɗauki" kuwa ta yi faɗi da yawa, tana iya nufin mutum ko abu.

Dalilin da ya sa na dage a kan wannan bambanci shi ne, duk gargaɗin da ke tattare da aikin daga ratayar yake fitowa. Bangon irin wannan mota ba farantin ƙarfe ba ne kamar na tirelar ɗaukar kaya. Galibi fatar faibagilas ce a waje, wato roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi, sai siririn katako da soso mai tauri, an manne su a kan firam na alminiyam. Kusar da ta shiga soso kaɗai ba za ta riƙe komai ba, dole a nemo ƙashin firam ɗin, a sa faranti ta ciki, sannan a toshe kowane rami da gam, domin ruwan da ya samu hanya yana raba fatar da katakon. Sai kuma batun faɗi. A manyan hanyoyin Amurka iyakar faɗin mota inci 102 ne, kusan mita 2.6, a Tarayyar Turai kuma mita 2.55, kuma manyan motocin tafi-da-gidanka tun daga masana'anta sun kusa cike wannan iyaka. Duk abin da aka rataya a gefe yana iya fitar da motar daga doka, ya kuma tare madubi. Masu motocin suna sha'awar gefen ne domin rufin ya yi tsawo, ga na'urar sanyaya ɗaki da farantan sola sun cinye wurin, amma da yawansu daga ƙarshe suna komawa ga tsayar da kwale-kwalen a bayan mota.

Shawarata ita ce mu ce "kariyar kwale-kwale" idan a kan rufi take, mu ce "maratayin kwale-kwale" idan a bango yake, jam'insa "maratayai". Jimlar gwaji ga ta: "Kada a kafa maratayin kwale-kwale a gefen motar tafi-da-gidanka sai an auna faɗinta." Ina so 'yan'uwanmu na Yawuri da na bakin Tafkin Cadi, waɗanda kwale-kwale sana'arsu ce, su faɗa mana ko kunnensu ya karɓi wannan jimla.