Gwiwa na ciwo, likita kuma ya ce in motsa ƙafa: ta ina zan fara?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina son shawarar waɗanda suka san abin nan ko suka taɓa shiga cikinsa. Shekarata 48, aikina na zama ne, a kujera nake yini. Yau wajen wata takwas ke nan gwiwata ta dama tana damuna. Tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri ba ta cika ba ni wahala ba, amma saukowa daga bene kam sai na riƙe ƙarfe ina sauke ƙafa ɗaya-ɗaya kamar mai koyon tafiya. In na daɗe a zaune kuma na tashi, taku huɗu biyar na farko sai ka ce ba ƙafata ba ce. Na je asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce amosanin gaɓa ne ya fara, ya rubuta min maganin shafawa, ya ce in rage jiki in riƙa motsa ƙafar. Bai ce ga irin motsin ba, ni kuma ban tambaya ba, mutane na jira a bayana. Da na dawo gida na buɗe wani bidiyo, na bi wata yarinya sa'ar 'yata muna tsugunawa muna miƙewa har sau 40, muka rufe da tsalle. Washegari gwiwa ta yi suntum, kwana uku ina ɗingishi. Tun daga ranar na watsar da komai. Yanzu gaba kura baya sayaki: in zauna ciwo, in motsa ciwo. Wane motsi ne mai irin gwiwata zai yi bai ja wa kansa ba?

Wani ɗan'uwa:
Allah ya ba ki lafiya Hajiya. Ni dai a ganina abin da ke ciwo hutu yake so. Ki samu bandeji ki ɗaure, ki rage zirga-zirga, ki bar bene sai dole.

Wata dattijuwa:
Ɗana, ka yi haƙuri, shawarar nan taka ita na bi ta kusa zaunar da ni. Ƙanwata, shekarata 62, gwiwoyina duka biyu ne. Shekara guda cur na yi ina lallaɓa su, ko tsinke ba na durƙusawa in ɗauka. Ranar da na farga ita ce ranar da jikata ta ɗauko tef ɗin awo ta zagaya cinyoyina, ta hagu wadda na fi tausaya wa ta fi ta dama sirancewa ƙarara. Ashe ina hutar da gwiwa tsoka na zubewa. Da na je wurin masu gashin ƙashi ba wani na'ura suka ɗora ni a kai ba. Tawul aka naɗe aka sa min ƙarƙashin gwiwa ina zaune ƙafa a miƙe, aka ce in danna bayan gwiwar a kan tawul ɗin har in ga ƙoƙon gwiwa ya ja sama, in ƙirga biyar in saki, sau goma. Na ce a raina wannan ai wasan yara ne. Wallahi a na bakwai cinyar rawa take. Daga nan aka koma ɗaga ƙafa a miƙe ina kwance rigingine, ɗaya ƙafar a lanƙwashe, sai tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba. Kujerar ma sai da aka ɗora min matashi biyu don ta yi tudu. Wata biyu aka cire ɗaya. Yau ba matashi ko ɗaya. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, ba zan yi miki ƙarya ba, amma na daina neman wanda zai miƙar da ni.

Wani likitan gashin ƙashi:
Mama ta gama rabin aikina. Hajiya, bari in fara da cire miki tsoro, don shi ne ya fi guringuntsin illa a yanzu. Guringuntsin gwiwa ba shi da jijiyoyin jini. Abincinsa daga ruwan cikin gaɓar yake samu, kuma ruwan ba ya shiga sai an matsa an saki, kamar soso a cikin ruwa. Gwiwar da ba ta motsi yunwa take ji. Shi ya sa hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idojinta na 2022, ta sa motsa jiki a matsayin ginshiƙin maganin amosanin gaɓa, kafin ƙwaya, kafin allura. Kuma ba ke kaɗai ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 528 ne ke da wannan ciwo a 2019, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma mata sun fi yawa. Hoton da aka ɗauka ma kada ya hana ki barci. Muna ganin hoto mai muni ga wanda ba ya jin komai, muna ganin hoto mai kyau ga wanda ke kuka.

Abin da ya same ki da bidiyon nan ba laifin tsugunawa ba ne, yawa ne ya yi. Nauyin da ke danna ƙoƙon gwiwa a tafiya bai wuce rabin nauyin jiki ba, a kan bene yakan kai ninki uku, a zuzzurfan tsuguno kuma yakan haura ninki bakwai. Kin ɗauki gwiwar da ta yi wata takwas tana hutu kin ɗora mata mafi nauyin kaya sau 40, kin ƙara da tsalle. Ai ta ma yi miki kara.

Ga yadda za ki gane iyaka. Ki auna ciwon daga 0 zuwa 10. In kina motsi ciwon yana 2 ko 3, ci gaba. Har zuwa 5 ana iya haƙuri da shi, da sharaɗi ɗaya: zuwa washegari, cikin awa 24, gwiwa ta koma yadda take kafin ki fara, ba kumburi. In ta koma, ba ki yi ɓarna ba ko da kin ji zafi. In ba ta koma ba, ba dainawa za ki yi ba, rage yawa ko zurfi za ki yi. Da wannan ma'auni ake aiki a shirin GLA:D da aka fara a Jami'ar Kudancin Denmark a 2013, inda masu ciwon gwiwa da ƙugu ke yin zama 12 na motsa jiki, sau biyu a mako har mako shida.

Ki fara da ukun da Mama ta faɗa. Wajen tashi daga kujera, ki matso bakinta, ƙafafu a buɗe daidai faɗin ƙugu, ki sunkuyo da ƙirji gaba ki miƙe. Sirrin yana wajen komawa: kada ki faɗa kujera tim, ki sauka kina ƙirga uku. Wannan saukar a hankali ita ce ainihin aikin da cinya ke yi lokacin da kike saukowa daga bene, inda kika ce ya fi damunki. Sau 8 zuwa 10, ki huta minti ɗaya, ki sake. Kwana uku a mako, da ranar hutu a tsakani.

Wani matashi mai ɗaga ƙarfe:
Anti kada ki manta da ɗuwawu, nan ne injin yake. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, ki tura da dunduniya ki ɗaga ƙugu sama har jikinki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ki ɗan tsaya ki sauko. Gwiwa ba ta ɗaukar wani nauyi a nan. Sai na kwanciya gefe guda ki ɗaga ƙafar sama a miƙe, ki ɗan ja ta baya kaɗan, yatsu na kallon gaba. Za ki ji gefen ɗuwawu na ƙuna, shi ake nema. Amma ko me za ki yi, kada ki taɓa bari gwiwa ta wuce yatsun ƙafa, haramun ne wannan.

Likitan gashin ƙashi:
Biyun farko daidai ne ƙanina, na ma ji daɗi da ka kawo su. Tsokar gefen ɗuwawu ita ke hana gwiwa karkatowa ciki in an tsaya da ƙafa ɗaya, kuma kowane taku tsayuwa ce da ƙafa ɗaya. Amma haramcin nan na yatsu ka sassauta shi. Sauka daga bene yau ka kalli gwiwarka, kowane mataki sai ta wuce yatsu. Gaskiya ne tura ɗuwawu baya yana rage wa ƙoƙon gwiwa nauyi, don haka da shi za ta fara. Amma in muka hana ta har abada, ba za ta taɓa sauka daga bene lafiya ba. Abin da nake so ta sa wa ido a madubi shi ne ƙoƙon gwiwa ya riƙa fuskantar yatsa na biyu, kada ya faɗa ciki.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambaya biyu Dakta. Gwiwar tana ƙara ƙas-ƙas in na miƙe, har 'yata kan juyo ta kalle ni. Ba gogewa ƙashin ke yi ba? Sannan tafiya fa, in ci gaba ko in bari?

Likitan gashin ƙashi:
Ƙara ba tare da ciwo ko kumburi ba, ki bar ta ta yi waƙarta, gwiwoyi masu lafiya da yawa suna yi. Wadda ke sa mu tashi tsaye daban ce: gwiwa ta maƙale ta ƙi miƙewa, ko ta riƙa sullubewa kamar za ki faɗi, ko ta kumbura ta yi zafi in an taɓa ga zazzaɓi, ko ki kasa taka ta bayan faɗuwa, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo gefe ɗaya. Waɗannan asibiti ne a ranar, ba motsa jiki ba. Haka in sandarewar safe tana wuce minti 30 ko wasu gaɓoɓin ma suna kumbura, ki koma wa likita, don yana iya zama wani nau'in amosani ne daban.

Tafiya ki ci gaba, minti 10 a shimfiɗaɗɗen wuri, ki ƙara minti biyu duk mako. Ana son babba ya kai minti 150 a mako, amma ba a wata ɗaya za ki kai ba. Sai dai tafiya ba ta maye gurbin ƙarfafa tsoka, mutane da yawa nan suke kuskure. In kina da halin keken motsa jiki, ki ɗaga sirdin yadda in feda ta kai ƙasa gwiwa saura kaɗan ta miƙe. Sirdi in ya yi ƙasa gaban gwiwa ne zai biya. Bene kuma kafin ƙarfi ya zo: wajen hawa lafiyayyar ƙafa ke gaba, wajen sauka mai ciwon.

Wata 'yar'uwa:
Ni fa ban tsaya wannan dogon lissafi ba. Diclofenac nake sha safe da dare, wata shida ke nan, ina harkokina.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Yaya, don girman Allah ki je a duba miki ƙoda da hawan jini. Diclofenac da ibuprofen da danginsu in aka daɗe ana sha kullum suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga jini, kuma ba sa sallama kafin su yi ɓarna. Shi ya sa likitan Hajiya ya fara da na shafawa, kaɗan ne ke shiga jini. Hajiya, maganar rage jiki kuma kada ta tsorata ki. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 ya nuna duk kilo ɗaya da mai amosanin gwiwa ya rage, kusan kilo huɗu ne na nauyi ke sauka daga gwiwar a kowane taku. Kilo uku ma ba ƙaramin abu ba ne. Kuma tunda zama ne aikinki, ki riƙa tashi duk rabin awa ki ɗan taka, ko ki miƙe ƙafar ƙarƙashin tebur ki ƙirga biyar. Wannan sandarewar ta takun farko za ta ragu.

Dattijuwa:
Ƙanwata abu ɗaya na manta. Mako biyun farko za ki ji kamar ba a yin komai, wata rana ma ciwon ya ɗan ƙaru. A nan yawancinmu ke zubarwa. Ni sai da na kai mako shida kafin na yarda da su.

Mai neman shawara, bayan mako huɗu:
Na dawo da rahoto. Ranar da na fara, 'yata ta riƙe waya ta auna min daƙiƙa 30, na tashi daga kujera sau 7, da matashi ɗaya. Jiya na yi 11, ba matashi. Sau ɗaya na yi zari na ƙara zagaye na huɗu, gwiwa ta ɗan tasa, na koma uku ta lafa kafin dare na biyu. Hawa bene ya yi sauƙi sosai. Sauka ce har yanzu sai da ƙarfe. Mama na gode, tawul ɗin nan yanzu yana da gurbinsa a gefen gado. Dakta, me zan ƙara?

Likitan gashin ƙashi:
Madalla. Sauka ita ce ta ƙarshe da ke dawowa, kada ki damu. Ki samu katako ko wani abu mai ƙwari da ba ya zamewa, tudunsa kamar santimita 10, wato kusan rabin matakin bene. Ki tsaya a kai da ƙafar dama, hannu ɗaya a bango, ki sauke dunduniyar hagu a hankali ta taɓa ƙasa kawai, kada ki sakar mata nauyi, ki koma sama. Sau shida ya isa a farko, idonki kan ƙoƙon gwiwa kada ya faɗa ciki. Ki haɗa da ɗaga dunduniya kina riƙe da bayan kujera, sau 12. In kin yi mako biyu sau goma bai wuce 3 a ma'aunin ciwo ba, ki ƙara tudun zuwa santimita 15 ki zo ki faɗa min yadda gwiwar ta kwana.